Wace kyamarar fim ɗin 120 zan saya don hoton tsofaffin unguwarmu?

Sadiƙ Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka riƙe abin da hannunsu. Shekara shida ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna da dijital, alhamdu lillahi da ita nake rufa wa kaina asiri. Amma akwai aikin da ya daɗe yana ci mini rai. Tsofaffin masu sana'a na unguwarmu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Maƙerin bayan gidanmu ya rasu bara, ba mu da hotonsa sai na katin zaɓe. Dukawa biyun da na taso na gani, yanzu saura ɗaya. Kakata ma da ke kaɗi, ido ya fara gaza mata. Ina so in ɗauke su a babban fim, wanda ake kira 120, irin wanda za a buga ƙato a rataye, nagatif ɗin kuma ya zauna a hannun iyali ko bayan ranmu. Waɗanda na ga kuɗina zai iya kaiwa su ne Mamiya RB67, Pentax 6x7, Yashica Mat-124G da Bronica. Hasselblad ta fi ƙarfin aljihuna. Ban taɓa ɗura fim a kyamara ba. Wacce zan ɗauka?

Nura Abuja: Wa'alaikumus salam. RB67, kada ka tsaya wahalar da kanka. Don hoton mutum aka yi ta. Tun 1970 Mamiya ta fitar da ita, kuma babu batir a cikinta ko ɗaya, duk ƙarfe ne da sifirin. Nagatif ɗinta 6x7 ne, wato kusan santimita shida da bakwai, ya ninka na ƙaramin fim ɗin 35 fiye da sau huɗu. Gidan fim ɗin da ke bayanta juyawa yake yi, in kana son hoto a tsaye sai ka murɗa shi kawai, ba sai ka kwantar da kyamarar ba. Sannan tana da zuga-zugi a gaba, kana iya matsawa dab da hannun baduku har ka ga inda allura ta huda fata. Sai dai ka nemi Pro-S ta 1974 ko Pro-SD, kada ka ɗauki ta farkon, don ita ba ta hana ka ɗora hoto biyu a wuri guda in ka manta ba ka ja fim ba.

Hauwa Kaduna: Malam Nura, gaskiya ka faɗa game da kyawun hotonta, amma ba ka faɗa masa nauyinta ba. Da ido, wato gilashin gaba, da gidan fim ta haura kilo biyu da rabi. Na yi aiki da ita wata huɗu, ta wata ƙawata ce. In ba ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, ba aiki. To ka dubi inda Sadiƙ zai shiga: zaure, rumfar maƙera, ɗakin tsohuwa da gado ya cinye rabinsa. Kafin ka kafa ƙafa uku, ka ɗora kyamara, ka zare farantin baya da ke kare fim daga haske, ka ɗana ta, tsohuwar ta riga ta gyara ɗankwali ta haɗe fuska irin ta hoton fasfo. Fuskar da ka je nema ta tafi.

Auwal Jos: Ni Pentax 6x7 nake riƙe da ita shekara uku. Tunda ka saba da dijital, ita ce za ta fi zama maka a hannu, don siffarsu ɗaya, ka ɗaga ka kai ido ka danna. Abin da ya sa mutane ke binta shi ne idonta na 105 mai f/2.4. Mutum zai fito kamar ka taɓa shi, bayansa kuma ya narke. Ban ga irin wannan a wata kyamarar ba.

Nura Abuja: Auwal, faɗa masa saurin filasha.

Auwal Jos: 1/30 na daƙiƙa ne, in ka fi haka sauri filasha ba ta cika hoton, ban ɓoye ba. In da rana za ka haɗa da filasha, ba taka ba ce. Kuma tana buƙatar batir mai bol shida, in ya mutu ta tsaya cak. Madubinta yana bugawa da ƙarfi, a haske kaɗan sai ka kulle shi kafin ka danna, shi ya sa ake neman wadda aka yi daga 1976 mai makullin madubi. Amma har yanzu ina kan bakana.

Baba Ɗanlami Zariya: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji duk abin da kuka ce, kuma kowa ya san abin da yake magana a kai. Amma Sadiƙ, ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka kafin a zo kan suna. Wa zai wanke maka fim ɗin?

Sadiƙ Fagge: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ban yi tunanin wannan sosai ba. Na ɗauka in na gama sai in aika Legas.

Baba Ɗanlami Zariya: To ka ga inda gizo ke saƙar. Ni na yi shekara sama da talatin a situdiyo, a Sabon Gari. Da kyamara mai ido biyu, na sama na kallo na ƙasa na ɗauka, na koyi aiki, Yashica, wajen maigidana, Allah ya jiƙansa. Shi Rolleiflex yake riƙewa, ba ya bari kowa ya taɓa ta, mu yara Yashica ake ba mu. Ranar Sallah layi har bakin titi. Nadi ɗaya hoto goma sha biyu ne, ba ƙari. In ka lalata ɗaya, daga ladanka za a cire. Shi ya sa muka koyi kallo kafin dannawa.

Abin da nake so ka gane shi ne, a lokacinmu kyamara rabin aiki ce. Sauran rabin yana ɗakin wanki. Da dare muke wankewa, bayan isha'i, lokacin da gari ya ɗan huce. Maganin wanke fari-da-baƙi yana son sanyin digiri 20. Ruwan famfo a watan bazara kuwa kai ka sani, sai ka ce an ɗora shi a wuta. Sai mu ɗebo daga randa, wani lokaci mu sayo ƙanƙara mu jefa a bokiti mu tsoma kwalbar maganin a ciki, ana duba ma'aunin zafi. In ruwan ya yi ɗumi, fim ya nuna da wuri, ya yi duhu, ƙwayarsa ta yi kauri, wani lokaci ma fatarsa ta yi laushi ka taɓa da farce ta ɓare. Duk tsadar kyamararka, in aka wanke fim a ruwan zafi, aikin banza ka yi.

Don haka shawarata, kada ka zuba kuɗinka duka a kyamara. Raba shi uku. Kashi ɗaya kyamara, kashi ɗaya fim, kashi ɗaya tankin wanki da magani da ma'aunin zafi. Ka fara da fari-da-baƙi, ka koyi wankewa da hannunka. Mai kala yana son digiri 38 daidai, ba sama ba ƙasa, wannan ka bar shi tukuna.

Hauwa Kaduna: Baba, Allah ya saka da alheri. Abin da nake ta son faɗa ke nan ban san ta inda zan ɓullo ba. Ni da tankin Paterson nake wankewa a banɗaki, da jakar duhu da ake zura hannu a ciki a ɗura fim a tanki ba tare da haske ya taɓa shi ba. Ba sai da ɗaki na musamman ba in dai sikanin za ka yi daga baya. Nadi biyu na farko na sha wuya wajen naɗa fim a kan faifan, don 120 ya fi 35 faɗi da laushi, kuma hannu yana gumi a cikin jakar, fim ya riƙa mannewa. Ka sami lalataccen nadi ɗaya ka yi ta gwadawa a fili da rana har hannunka ya haddace.

Kabiru Gusau: Ku yi haƙuri, ni fa ban gane ba. Mutum yana da dijital mai kyau a hannu. Tsofaffin nan ba jiransa za su yi ba. Maimakon ya je gobe ya ɗauke su, sai ya tsaya jiran kaya daga Japan da koyon wanki wata uku? In wani ya rasu a tsakani fa?

Sadiƙ Fagge: Yaya Kabiru, maganarka ta shige ni, kuma gaskiya ce. Na riga na fara ɗaukarsu da dijital, ba zan daina ba. Amma ina da dalili. Hotunan bikin yayata na 2014 suna cikin wani faifan ajiya da ya daina tashi, ba mu da ko ɗaya. Hoton auren kakata kuwa yana nan a ƙasan adaka, ya fi mahaifina shekaru. Abin da za a riƙe a hannu nake so in bari.

Kabiru Gusau: To in dai kana haɗawa da dijital ɗin, ba ni da ta cewa. Allah ya taimaka.

Mamman Damagaram: Sannunku da hira. Ni daga nan Zinder zan ƙara abu biyu, ƙura da batir. Da hunturu, duk lokacin da ka cire ido ko ka buɗe gidan fim a waje, ƙura ta shiga. Kyamarar da ake wargaza ta gida-gida, irin RB67 da Bronica da Hasselblad, ƙofofinta sun yi yawa. Mai ido biyu kuwa a rufe take, ido a manne, sau ɗaya kake buɗe bayanta a kowane nadi. Na biyu, Bronica SQ-A da ETRS kyamarori ne masu kyau, idanunsu masu kaifi, kuma sun fi Hasselblad sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Amma lantarki ke sarrafa saurinsu, in batir ya mutu sai 1/500 na daƙiƙa kaɗai ya rage maka, a zaure mai ƙarancin haske kuwa wannan ba ya amfani. Kamfanin ma ya daina yin su tuntuni. In allon lantarki ya ƙone, ba mai gyara maka daga nan har Yamai. Ta ƙarfe zalla kuwa, mai gyaran agogo mai haƙuri zai iya buɗe ta ya share ya sa mai.

Kuma kada wani ya raina hoto mai kusurwa huɗu daidai. Ku duba aikin Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba shi babbar lambar yabo a Venice a 2007. Da yawan hotunan situdiyonsa 6x6 ne, kuma an buga su manya an rataye a ƙasashen duniya.

Nura Abuja: Malam Mamman, na yarda da batun ƙura. Amma ku duba abin da Sadiƙ ya ce zai ɗauka. Hannun maƙeri, zare a kan mazari. Yashica ba ta matsawa ƙasa da kusan mita ɗaya. Kuma idon da kake kallo da shi daban, wanda ke ɗauka daban, ɗaya a saman ɗaya. In ka matso kusa, abin da ka gani ba shi za ka samu ba, sai ka yanke wa mutum hula. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga aikinsa.

Baba Ɗanlami Zariya: Nura ya yi gaskiya, mun yanke huluna da yawa kafin mu gane. Maganinsa, in ka matso sai ka bar sarari a sama, hannu zai saba. Akwai kuma ƙananan gilasai da ake ɗaura mata a gaba don ɗaukar kusa, na Rollei ana ce musu Rolleinar, wanda girman bakinsa lamba ɗaya ne yana shiga Yashica Mat. Na saman yana da gilashin da ke gyara wannan bambancin.

Amma bari in faɗa muku abin da ya sa nake son mai ido biyu ga tsofaffi. Kyamarar tana ƙirjinka ko cikinka, kai kana duban ƙasa cikin gilashi. Fuskarka a buɗe take. Ka sunkuyar da kai gaban dattijo, wannan a wurinmu ladabi ne. Kana iya durƙusawa ku yi ta gaisawa, ka tambaye shi wa ya koya masa sana'a, ya fara ba ka labari, ka ɗago ka dube shi ido da ido, yatsanka yana kan maɓalli. Ƙararta kuma ba ta fi ta ƙyasta ashana ba. Sau da yawa sai na gama ɗauka mutum ya ce, to yaushe za a ɗauka? Wadda ake kangawa a fuska kuwa, kamar ka auna mutum da bindiga ne, dole ya ƙame.

Hauwa Kaduna: Wannan haka yake musamman a cikin gida wajen mata. Na ɗauki wata inna mai saƙar faifai a Kawo, tana ta leƙen gilashin saman tana dariya wai ta ga jikarta a ciki. Daga nan ta saki jiki. Abu ɗaya da zai ruɗa ka da farko, Sadiƙ, a gilashin dama tana komawa hagu. Ka juya nan, hoto ya tafi can. Kwana biyu ne ka saba.

Auwal Jos: To in mai ido biyu za a yi, me zai hana Mamiya C330? Tana da zuga-zugi kamar RB, tana matsawa kusa sosai, ana canza mata idanu daga 55 har 250, kuma akwai alama a gilashin da ke nuna maka inda saman hoto zai tsaya. Ta haɗa abin da Nura ke so da abin da Baba ke so.

Hauwa Kaduna: Ta haɗa, amma ta kusa kilo biyu ita ma. Yashica kilo ɗaya ce da 'yan kai. Duk da haka in ya samu C330 ko C220 mai lafiya a kuɗin da bai wuce ƙarfinsa ba, ba zan hana shi ba.

Sadiƙ Fagge: Ina ta rubutawa a littafi. Tambaya: hoto nawa kowacce ke bayarwa a nadi ɗaya? Don na ga kuɗin fim ba wasa ba ne.

Mamman Damagaram: Fim ɗin iri ɗaya ne, 120, wanda Kodak ta fito da shi tun 1901. Kyamara ce ke yanka shi. 6x4.5 tana ba da 15 ko 16, 6x6 tana ba da 12, 6x7 tana ba da 10, 6x9 irin Fuji GW690 tana ba da 8. In ka ga an rubuta 220 a jikin kyamara kada ya dame ka, wancan dogon nadi ne da kusan ba a samunsa yanzu. Don koyo, nemi Fomapan na ƙasar Cek, ya fi araha. In hannu ya faɗa sai ka koma Ilford HP5 mai ISO 400, wato ma'aunin saurin kama haske, yana da haƙuri da kuskure, kuma a ɗaki mai duhu ana iya ɗaukarsa a 1600 a ƙara masa lokaci wajen wanki. Ajiye fim a firji cikin leda, ka fito da shi ya huce kafin ka buɗe. In wani zai taho maka da shi ta jirgi, kada ya sa a babbar jakar da ake aunawa, ya riƙe a hannu ya roƙi a duba da hannu, don sababbin na'urorin binciken kaya suna ɓata shi.

Auwal Jos: Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don kada ya same ka. Ido na biyu da na saya, mai sayarwa ya rubuta cewa kamar sabo yake, hotunan da ya sa kuma duk daga waje ne. Da ya iso na haska tocilan ta bayansa, sai ga funfuna kamar saƙar gizo a gilashin ciki. Mayarwa ta fi kuɗin idon tsada, haka na haƙura. Tun daga nan ba na biya sai an turo mini hoton gilashi da haske ta bayansa, da bidiyon ƙarar saurin daƙiƙa ɗaya. In ka ji ta tsaya tana jan ƙafa kafin ta rufe, man ciki ya daskare. Kuma mu nan Jos da damina, ba a barin kyamara a cikin jakar fata. Fatar ce ke jawo danshi.

Nura Abuja: Ƙara da soson da ke toshe haske a bakin ƙofar baya. Duk kyamarar da ta shekara arba'in, soson nan ya zama kamar kwalta. Ana sayar da sabo a yanke, kai da kanka za ka kankare tsohon da tsinken sakace ka manna. Mitar hasken 124G kuma kada ka dogara da ita, an yi ta ne don batir mai sinadarin makuri wanda aka hana yi. Sa manhajar auna haske a wayarka, ko ka auna da dijital ɗinka. Saboda haka ma ba dole sai 124G ba. Yashica Mat ta da, ko Yashica D, ko Rolleicord, duk za su yi, sau da yawa a kuɗi ƙasa da nata. In D ce, duba ka ga an rubuta Yashinon a idon, ya fi Yashikor kaifi a gefe.

Hauwa Kaduna: Malam Nura, ashe ka sauko.

Nura Abuja: Ban sauko ba, Hajiya. Har gobe RB67 ta fi ta hoto in za a buga ƙato. Amma na yarda ba ita ce ta fara koyo a zaure ba. In ya yi nadi ashirin ya ga yana son abin, zai dawo ya same ni.

Baba Ɗanlami Zariya: Ɗana Sadiƙ, kafin ka aika kuɗi waje, zaga tsofaffin situdiyo na Sabon Garin Kano da Fagge ka yi sallama. Da yawanmu ba mu zubar da kayanmu ba, suna cikin kwali a saman kabad. Abin da za ka riƙe a hannu ka gwada ya fi wanda za ka gani a waya. In ka samu, buɗe bayan, sa sauri a B, inda take zama a buɗe muddin kana danne, danna ka riƙe, ka duba gilashin a hasken taga. Murɗa saitin daga kusa zuwa nesa, allon gaban ya fita ya koma a miƙe ba tare da karkata ba, don in ta taɓa faɗuwa ta fuska, idanun biyu ba za su yarda da juna ba, kuma wannan gyaransa da wuya. In ka ga dama ka kawo mini Zariya in duba maka. Idona ya rage, amma kunnena yana nan, in na ji ƙararta zan san lafiyarta.

Sadiƙ Fagge: Jama'a, na dawo da labari bayan sati uku. Na bi maganar Baba. A situdiyo na huɗu da na shiga, ɗan mai wurin ya fito mini da Yashica Mat ta mahaifinsa, naɗe a tsohon rawani. Ranar Asabar na kai wa Baba Zariya. Ya kara ta a kunne ya danna sau uku, ya ce ƙananan saurin sun yi nauyi, daga 1/30 zuwa sama lafiya lau. Shi ya nuna mini yadda ake jan takardar fim har kibiya ta zo daidai alama kafin a rufe. Jiya da dare na wanke nadin farko, da ƙanƙarar naira ɗari biyu a bokiti. Tara sun fito cikin sha biyu. Biyu na girgiza, ɗaya na yanke wa baduku hula kamar yadda Malam Nura ya faɗa. Amma akwai na kakata a bakin ƙofar ɗakinta, mazari yana juyawa a tasa, zaren ya fito siriri fari tun daga yatsunta har ƙasa. Na ɗaga nagatif ɗin a fitila na daɗe ina kallo. Sai dai akwai wasu ɗige-ɗige farare a jikinsa bayan ya bushe, ban san daga ina suke ba.

Baba Ɗanlami Zariya: Masha Allah, ɗana. Ɗigen nan ruwan rijiyar burtsatse ne da ƙura. Ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da ruwan da aka tace, irin wanda ake zuba wa batirin mota, amma ka tabbata mara asid ne. Kafin ka rataye fim, watsa ruwa a ƙasan banɗakin ka rufe ƙofa, kada kowa ya shiga sai da safe. Wanda ya riga ya yi ɗigen ma sake jiƙa shi ka shanya, yawanci zai fita. Badukun kuma ka koma masa ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin yana cikin manyan kaya, ka bar faɗin tafin hannu a saman hularsa.